Sarauniyar littafi da Sarauniyar Lugu

   

An ce in yi magana a kan adabi da al'ada, wato yadda littafi da waƙa da labari ke gaya mana ko mu su wane ne. Da na zauna shiri sai na ga in na ɗauko abin daga sama, kamar yadda muke yi a fakilte, kafin in kai rabi wasunku sun koma kan waya. Don haka labarin mace ɗaya zan ba ku, da littafi ɗaya, da wata gardama da na yi da kakata wadda har yau ban gama fita daga cikinta ba.

Ina lise mushenmu na Faransanci ya kawo mana littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia. Kwafi kaɗan ne, sai da muka yi layi. Da ya zo hannuna, dare biyu na yi na cinye shi da hasken tocila. Ku gane halin da nake ciki a lokacin. Tun daga firamare littattafan da muke karantawa cike suke da sunayen garuruwan da ban taɓa gani ba, da itatuwan da ba su tsirowa ƙasarmu. Ni ɗin nan na sha rataya sambol a wuya don na yi Hausa cikin filin lakwal. Sai ga littafi cikin wannan Faransancin da ake dukanmu a kansa, yana ba da labarin wata mace Bahaushiya, ƴar ƙasar Arewa, wadda ta ƙi sunkuya wa anasara. Wallahi ji na yi kamar an ƙara mini tsawo.

Da hutu ya zo na tafi wurin kakata ta wajen uwa. Ita asalinta can ne, yankin Dogon Dutsi, aure ya kawo ta Maraɗi. Na zauna bakin tabarmarta ina zuba mata labari: yadda aka shayar da Sarauniya da nonon goɗiya, yadda wani mai suna Dawa ya rene ta ya koya mata harbi da sanin itatuwa, yadda take shiga gaban mayaƙa. Tsohuwa ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Ke kishiya, wa ya ba ki wanga labari?" Na ce littafi. Ta ce, "To mai littahin nan ya iya zance. Amma Sarauniyar da munka sani ba ta hawan doki, ba ta riƙon baka. Tana ɗaka tana kaɗin abawa. Ƙasa take riƙo." Daga nan ta rage murya, ta dubi ƙofa, ta ce in bar wannan magana, zancen arna ne, ita kuwa ta je Makka.

Na ji haushi ranar. Na ce a raina tsohuwa ba ta yi lakwal ba, me ta sani? Sai da na shiga jami'a a Yamai, na karanta abin da masu bincike suka rubuta, na gane cewa cikinmu biyu ni ce ban sani ba.

Bari mu fara da abin da ya faru. A farkon 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin kaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Sojojin yawancinsu ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, ga ɗaruruwan ƴan dako da aka kama da ƙarfi. Inda duk suka bi sai ƙona gari, kwashe hatsi da dabbobi, kashe mutane. Ranar 16 ga Afrilu suka kai Lugu, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tare su. A lissafin Faransawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Sun ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba, ita da jama'arta sun shige daji. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau zuriyar mutanen garin ba su manta ba. Labarin ta'asar ya kai Faris ta hanyar wasiƙar wani hafsa da ya bar rundunar, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ta. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu na nan Maijirgi. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga nan zuwa Damagaram ya ratsa garin, ko ya sani ko bai sani ba. Sauran rundunar kuwa ta ci gaba, ƙarshen watan Yuli ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini.

To, wa ya fara rubuta wannan labari? Waɗanda suka yi ɓarnar. Kuma a takardunsu babban abin baƙin ciki shi ne anasara ya kashe anasara. Dubi ma sunan da Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya sa wa littafinsa: da sunan Dankori ya kira shi, inda Klobb ya faɗi. Bai kira shi da sunan Ƙonni ba. Sarauniya kuwa ƴan layuka ta samu, a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta yi musu tsaurin ido. Wannan ita ce Sarauniya ta farko da ta shiga takarda.

Bayan shekara 81 Abdoulaye Mamani ya mayar da martani. Yana da kyau mu san ko shi wane ne, don in ka san marubuci ka san rabin littafinsa. An haife shi a Gudumariya a 1932. Ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary da ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Ya yi gudun hijira shekaru da yawa, ya zauna Aljeriya, ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, ya kuma ɗanɗana kurkuku zamanin Kunce. A 1980 littafin ya fito. Mutumin da ya ga an murƙushe jam'iyyarsa, ya ga an ba da ƴanci amma igiya na hannun wasu, shi ne ya zauna ya rubuta labarin macen da ta ce a'a. Kun ga ai ba 1899 kaɗai yake magana a kai ba. Da mutanen zamaninsa yake. Shi ya sa cikin littafin ya ba sarakuna da maƙwabtan da suka ƙi kawo ɗauki, ko suka gwammace su shirya da baƙo, fili mai yawa.

Kuma littafin ya yi aiki. Masu bincike irin su Farfesa Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho sun nuna cewa kafin Mamani sunan Sarauniya bai yi nisa da ƙasar Arewa ba. Bayansa ne ya zama na ƙasa baki ɗaya. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A Burkina aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar da ke cikinsa ba Hausa take yi ba. Yau akwai gidan rediyo mai sunanta a Yamai, akwai makarantu da shaguna, har lambar girma ta ƙasa an sa mata sunan Sarauniya Mangu. Hoton da ke zuwa mana a ka in an ambace ta, mace tsaye da makami, ido jajir kamar na damisa, daga alƙalamin mutum ɗaya ya fito. Shi kansa Allah bai ba shi tsawon rai ya ga ƙarshen abin ba, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Allah ya jiƙansa.

Saura Sarauniyar kakata. Abin da ta faɗa mini shi ne abin da mutanen Lugu ke faɗa. A can, Sarauniya sarauta ce, ba sunan mutum ɗaya ba. An yi wasu kafin Mangu, an yi wasu bayanta. In ta rasu ana yin tarkama, a ɗauki gawar, a imaninsu ita ce ke nuna wadda za ta gaje ta. Wadda aka naɗa takan zauna ɗaki, ba ta yawo, aikinta roƙon ruwa da lafiyar ƙasa da tsare al'adun Azna. A yankin ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a. Ƙarfinta a wurin mutanenta na asiri ne da na addininsu. Abin da ya sa maza suka tsaya gaban bindiga da baka da kibiya a 1899 shi ne sun yarda da wadda ke zaune cikin ɗakin nan.

Wani zai ce, to Mamani ƙarya ya yi ke nan? A'a. Ƙagaggen labari ya rubuta, bai ce kundin tarihi ba ne. Ya sami ƴan layuka a takardun anasara da abin da ya ji a bakin mutane, ya cike sauran da hikimarsa, kuma haƙƙinsa ne. Ina gode masa har gobe, don ba don shi ba da ban ma je na tambayi kakata ba. Laifin namu ne, mu masu karatu, da muka riƙe littafin muka saki mutanen. Mun ɗauki suna mun manna a allunan shaguna, amma mu nawa ne cikin ɗakin nan suka taɓa tambayar yadda mutanen Lugu ke samun ruwan sha, ko ƴaƴansu na da aji? Muna son Sarauniya a matsayin tuta. Sarauniya mai rai, tsohuwa, baƙauyiya, wadda ba ta salla irin tamu, ita kuma kunyarta muke ji.

Nan ne maganar ta fi ciwo, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni Musulma ce, ina alfahari da addinina, ban zo in ce wa kowa ya koma tsafi ba. Amma ku tuna yadda kakata ta rage murya. Tarihin gidansu ne, iyayen iyayenta ne, ga shi tana faɗinsa kamar mai satar hanya. Me ya kawo haka? Kalma ɗaya: arna. Kalmar da a can asali take nufin mutanen ƙasa masu riƙe da al'adar kakanni, manoma da mafarauta, yau ta zama zagi. Kalmomi kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Rubutu da wa'azi da waƙa ne ke ɗora musu nauyi, shekara da shekaru.

Mu ƴan Maraɗi ya kamata mu fi kowa gane wannan. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan ƙasarmu a 1754, ya bar rubutu mai ɗimbin yawa. Shehu ya rubuta, ƙanensa Abdullahi ya rubuta, ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, ƴarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Gado ne babba, namu ne mu ma, kuma duk macen da ke neman ilimi a ƙasar Hausa tana da uwa a wurin Nana Asma'u. Sai dai labarin yaƙin daga ɓangaren waɗanda suka ci nasara aka rubuta shi. Waɗanda aka kora fa? Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya su ne suka zo suka kafa sarautar Maraɗi. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, suka yi ta gwagwarmaya har suka zauna Tsibiri. Nasu labarin ya fi zama a bakin maroƙa da makaɗan fada, cikin kirari da take, da jerin sunayen sarakuna da tsofaffi ke haddacewa. Idan ɗalibi ya karanta littattafan Sakkwato kaɗai, zai ɗauka kakanninmu ƴan tawaye ne kawai. Idan kirarin fada kaɗai ya saurara, zai ɗauka ba su taɓa zaluntar talaka ba. Sai ya haɗa biyun ya fara hango gaskiya.

Ga wani abin kuma. Mukan ji ana cewa shugabancin mace baƙon abu ne, anasara ya kawo. To Iya ta Maraɗi fa? Inna ta Gobir fa? Waɗannan sarautu ne na mata, masu faɗa a ji a fada, tun kafin anasara ya san hanyar nan. Wanda bai san su ba sai ya yi ta gardama da ke a kan abin da al'ada ta hana, alhali al'adar rabinta ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai maganar harshe. Littafin da ya ɗaga sunan Sarauniya da Faransanci aka rubuta shi, a Faris aka buga shi. Kakata ta rasu ba ta iya karanta layi ɗaya a ciki ba. Haka yawancin manyan littattafanmu suke. Mahamadou Halilou Sabbo ya rubuta Abboki a kan ƴan ci-rani masu tafiya bakin teku, amma ɗan ci-ranin da ke tasha yana jiran mota ba shi ne ke karanta shi ba. A ɗaya gefen, ku shiga ɗakunan ƴan uwanmu mata a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Karatu suke yi ba dare ba rana. Da can littattafan Kano ne ake haya a kasuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Yanzu a WhatsApp ake bin su babi-babi, wasu ma sauraro suke a waya suna aikin gida. Saboda haka kada wani ya ce mana mutanenmu ba su son karatu. Suna so. Abin da ke hannunsu suke karantawa. Kuma ƴan uwanmu na Kano sun kyauta, sun rubuta rayuwarsu da harshensu. Amma yarinyar Tawa da ta karanta littafi hamsin, duk a unguwannin Kano suke faruwa, da naira ake ciniki a cikinsu, yaushe za ta ga ƙofar gidansu a takarda? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na ga murna a shafukanmu, ni ma na ji daɗi. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. In babu labarai, babu littattafan yara, babu fassara, babu inda za a buga a sayar, to harshen ƙasa zai tsaya a takardar gwamnati. Kuma ina roƙonmu da babbar murya: kada mu rataya wa wasu sambol ɗin da aka rataya mana. Bazabarme da Bafillatani da Buzu da Babarbare da Tubu da Bagurme da Balarabe kowa na da nasa gado, da nasa kakar da ke rage murya. Ku tuna Mamani a ƙasar Manga aka haife shi, ya zo ya ɗaukaka mace ƴar Arewa. Boubou Hama mutumin yankin Tera ne, amma ya zauna ya rubuta tarihin Gobir da Sakkwato. Waɗannan dattawa ba su tambayi ko labarin na ƙabilarsu ne ba kafin su ɗauki alƙalami.

To me za mu yi, mu da ba mu da kuɗi, ba mu da maɗaba'a? Abu na farko yana cikin aljihunku. Wayar nan da muke ɗaukar bidiyon biki da ita tana ɗaukar murya. Wanda ke da kaka ko kakan da ke raye, ya je wannan satin, ya kai goro, ya zauna. Kada ka ce mata "ba ni tarihi", za ta ce ba ta sani ba. Tambaye ta sunan garin da aka haifi uwarta. Tambaye ta me suka ci shekarar yunwa, wace waƙa suke yi a bakin turmi, wa ya yi mata zanen da ke fuskarta da abin da yake nufi. Ka nemi izininta kafin ka ɗauka, ka kuma nemi izininta kafin ka watsa. In ta faɗi abin da bai yi daidai da littafin lakwal ba, kada ka gyara mata. Rubuta yadda ta faɗa, da irin Hausarta, da munka da sunka ɗinta. Ni wannan damar ta wuce ni. Ina da hotunan kakata fiye da ɗari, ba ni da muryarta ko ta minti ɗaya.

Waɗanda ke Yamai, akwai CELHTO da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, akwai IRSH mai ajiye dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Namu ne, don mu aka ajiye su. Ku je ku ƙwanƙwasa. A fada kuma, cikin dare bakwai na sati, a ware ɗaya. Shayi na kan wuta, mutum ɗaya ya karanta babi, wanda ya iya Faransanci ya juya wa sauran da Hausa, a yi gardama. Ku fara da littafin Mamani in kun same shi. In kun gama ku tambayi kanku: wa ke magana a nan, da wa yake, wa aka bari a waje?

Masu jin suna da baiwar rubutu, ku rubuta, ko da a waya ne. Ba sai labarin sarakuna ba. Ɗan kabu-kabu na da labari. Matar da mijinta ya tafi Libiya shekara huɗu babu waya na da labari. Ɗan talibe, mai tallan fura, malamin kwantaragi da ke jiran albashi a ƙauye, duk suna da shi. Abin da muke rayuwa yau shi ne gadon da jikokinmu za su nema, kuma in ba mu rubuta ba wani zai rubuta mana, ya ba mu ƴan layuka kamar yadda aka ba Sarauniya.

Har yanzu littafin Mamani na nan cikin akwatina, bangonsa ya yage. Nakan buɗe shi in na ji gwiwata ta yi sanyi, kuma har yanzu yana ƙara mini tsawo. Amma in na rufe shi, muryar tsohuwar nan nake ji tana cewa Sarauniya ɗaka take, ƙasa take riƙo. Da na ƙara zama minti goma a bakin tabarmar nan ranar, da na tambaye ta abin da riƙon ƙasa ke nufi. Ku da naku ke raye, ku je ku tambaya, ku zo ku ba mu labari.